Daga rumfa zuwa IReV: inda ƙuri'a ke ɓacewa, da abin da wayar hannunka za ta iya tsarewa

A zaɓen gwamnan Kano na 9 ga Maris 2019, takardun sakamakon mazaɓar Gama sun isa wurin tattara sakamako na ƙaramar hukumar Nasarawa, aka yayyaga su cikin dare. Mutane sun fito tun safe, sun dangwala, an ƙirga a gaban idonsu, amma da takarda ta tafi sai ƙuri'un Gama suka shiga sahun waɗanda aka soke, aka ce zaɓe bai kammala ba, aka sake fitowa ranar 23 ga wata. Tun daga lokacin kalmar "inkwankulusib" ta zauna a bakin Kanawa. Abin lura a nan shi ne, ba a rumfa aka yi ɓarnar ba. A hanya aka yi ta, tsakanin akwati da teburin baturen zaɓe, kuma a wannan tsakanin ne aka daɗe ana yi wa talakan Najeriya yankan baya.

Wannan giɓin ne hukumar INEC ta ce za ta toshe da intanet. Ra'ayina tun daga farko shi ne: intanet ta ba ɗan ƙasa ido, amma har yanzu ba ta ba shi hannu ba. Yana iya ganin sakamakon rumfarsa daga kan tabarmarsa, abin da iyayenmu ba su taɓa samu ba. Amma ganin ba ya zama hujja sai an san abin da ake dubawa, an ɗauke shi yadda ya kamata, an kai shi inda ya kamata a kan lokaci.

Mu fara raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Najeriya ba ta zaɓe ta intanet. Da takarda ake kaɗa ƙuri'a, da hannu ake ƙirgawa, da biro ake rubuta sakamako. BVAS na'ura ce ta hannu mai kama da ƙaramar kwamfuta, tana da kyamara da wurin ɗora yatsa, aikinta biyu: ta tantance mai zaɓe, sannan ta ɗauki hoton takardar sakamako ta tura. IReV kuwa shafin intanet ne da hotunan ke sauka domin kowa ya gani. An fara gwada shafin a zaɓen cike gurbi na Nasarawa ta Tsakiya a jihar Nasarawa a watan Agusta 2020, ita kuma BVAS aka fara da ita a Isoko ta Kudu a jihar Delta a watan Satumba 2021, sai zaɓen gwamnan Anambra a watan Nuwamba na shekarar. Kafin su akwai na'urar karanta kati ta zamanin Farfesa Attahiru Jega a 2015, wadda ta ƙi karɓar shugaban ƙasa Goodluck Jonathan kansa a rumfarsa ta Otuoke. Waccan tana da ƙofar baya: in ta ƙi yatsanka sai a cike maka wata takarda a bar ka ka yi zaɓe, kuma ta wannan ƙofar aka riƙa shigo da waɗanda ba su da kati. A 2023 an rufe ta. Wanda BVAS ba ta amince da shi ba, ba shi da ƙuri'a.

Tantancewa ba ta buƙatar sabis

Wannan shi ne abu na farko da ya kamata kowane ejan jam'iyya ya haddace. Kafin ranar zaɓe ana zuba wa kowace na'ura rajistar rumfa ɗaya tak, sunaye da hotuna da zanen yatsu suna cikin cikinta. Don haka in jami'i ya ce "ba netwok, ba za mu iya tantancewa ba", ko dai bai san aikinsa ba ko kuma da wata a ƙasa. Ana nemo mai zaɓe ta hanya uku: a haska lambar da ke jikin katinsa, ko a rubuta lambobi shida na ƙarshen lambar katin, ko a nemo sunan mahaifi. In ya fito sai a gwada yatsa, in ya ƙi a gwada fuska. Ɗaya ya isa.

Inda ake samun cikas sananne ne. Yatsun manoma da maƙera da dattawa sun sha aiki, zanen ya goge. Lalle mai kauri da man shafawa suna hana gilashin karantawa, haka ma ƙura, shi ya sa ake goge wurin a kai a kai. Fuska kuwa haske take so: in rana tana bayan mutum kyamara inuwa kawai take gani, sai a juya shi ya fuskanci hasken, a cire tabarau, a ɗaga niƙabi. Wasu hotunan rajistar tun 2011 aka ɗauke su, wadda ta yi rajista tana budurwa yau uwar 'ya'ya biyar ce. Sai batir, wanda zafin rana ke cinyewa da sauri. Akwai kuma matsalar da mutane da yawa suka ɗora wa na'ura alhali ba laifinta ba ne: a 2021 INEC ta ƙara rumfuna daga 119,974 zuwa 176,846, daga baya ta kwashe wasu masu zaɓe daga rumfuna masu cunkoso ta kai su sababbi. Mutum ya je inda ya saba, na'ura ta ce ba ta san shi ba, alhali sunansa yana can bayan masallaci a wata rumfar. Duba rumfa kafin ranar zaɓe aikin minti biyu ne a shafin hukumar.

In na'ura ta mutu gaba ɗaya, akwai ma'aikacin fasaha a kowace mazaɓa da ake kira ya gyara ko ya kawo wata. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu 2022 kuma da ita aka yi zaɓen 2023, ta ce a sashe na 47 in ba a samu wata na'urar ba a soke zaɓen rumfar, a sake shi cikin awa 24 matuƙar ƙuri'un wurin za su iya canza sakamako. Ba ta ce a koma tantancewa da ido ba. Duk wanda ya ce "mu yi haƙuri mu ci gaba da hannu tunda duk mun san juna", ƙuri'un unguwarsa yake jefawa a rijiya, domin lissafin zai nuna ƙuri'u sun fi waɗanda aka tantance.

Kafin ka shiga lungun dangwalawa, juya takardar ƙuri'arka ka duba bayanta. Dole shugaban rumfa ya buga hatimi, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata. Kada a raina wannan. A watan Satumba 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zare ƙuri'u 165,663 daga na Abba Kabir Yusuf saboda rashin hatimi ko sa hannu, ta ce Nasiru Gawuna ne ya ci, sai da Kotun Ƙoli ta mayar da su ranar 12 ga Janairu 2024. Jiha guda ta yi wata huɗu cikin zullumi a kan tawada, duk da na'urorin da aka kashe wa biliyoyi.

Takardar da komai ya rataya a kanta

Sunanta EC8A. Bayan an rufe layi da ƙarfe biyu da rabi kuma na ƙarshe a layin ya yi zaɓe, ana zazzage akwati, a ware ƙuri'u jam'iyya jam'iyya, a ƙirga da babbar murya, a cike wannan takardar. A samanta akwai gidaje takwas: yawan masu rajista, yawan waɗanda aka tantance, ƙuri'un da aka kawo rumfar, waɗanda ba a yi amfani da su ba, waɗanda suka ɓaci tun kafin a jefa, waɗanda aka ƙi a wajen ƙirga, ƙuri'u masu kyau, da jimillar waɗanda aka yi amfani da su. A ƙasa kowace jam'iyya da adadinta, a rubuce da lamba da kuma kalmomi, ejan ya sa hannu a gefe.

Ga misali na ƙirƙira domin a ga yadda lissafin ke tafiya. Rumfa tana da rajista 750, an kawo ƙuri'u 750, an tantance mutum 312. An samu masu kyau 303, an ƙi 9, biyu sun ɓaci an canza wa masu su. Masu kyau da waɗanda aka ƙi, 303 da 9, sun ba da 312, daidai da waɗanda aka tantance. A ƙara 2 da suka ɓaci, an yi amfani da 314. A cire daga 750, ya kamata 436 su rage. In aka ƙirga ragowar aka ga 400, to akwai 36 da suka bi wata hanya. In kuma abin da ke cikin akwati ya kai 313 alhali na'ura ta ce 312, an yi aringizo, kuma sashe na 51 na dokar 2022 ya ce a soke rumfar. A da sai ƙuri'u sun zarce masu rajista ake kiransa aringizo, wato a rumfar nan ɗan maguɗi yana da filin ƙuri'a 438 da zai cike ba wanda ya ce masa kanzil. Wannan gyaran shi kaɗai, a ganina, ya fi duk wani abin da aka yi wa zaɓen Najeriya tun 1999 amfani.

Saboda haka lambar da ta fi kowace daraja a rumfa ita ce wadda ke kan fuskar BVAS, ta waɗanda aka tantance. Ejan ya nemi a nuna masa na'urar da safe ya ga tana kan sifiri, ya sake neman gani bayan an rufe, ya tabbatar adadin da ke kanta shi aka kwafa a takarda.

Bayan an sa hannu, shugaban rumfa zai ba kowane ejan da ɗan sanda kwafi, ya manna wata takardar mai suna EC60E a bango domin jama'a, sannan ya ɗauki hoton EC8A da BVAS ya tura. A nan ne kawai ake buƙatar sabis. In babu, hoton yana jira a cikin na'urar har a shiga inda akwai. Kurakuran wannan matakin su ne suka cika IReV a 2023: hoto dishi-dishi domin an ɗauka da daddare da tocilan waya, hoton da ya yanke lambar rumfa, takardar majalisar tarayya a gurbin ta shugaban ƙasa, sakamakon wata rumfa a gidan wata. Yawancin shugabannin rumfa matasa ne masu yi wa ƙasa hidima da aka horar na 'yan kwanaki, sun wuni a tsaye, dare ya yi, jama'a sun kewaye su ana ihu. Ba kowane hoto mara kyau ne maguɗi ba, amma kowanne yana buɗe wa maguɗi ƙofa.

Abin da ya faru ranar 25 ga Fabrairu 2023

Shugaban INEC na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya sha alƙawarin cewa za a ga sakamako a shafin kai tsaye daga rumfa. Da yamma ta yi, na majalisar dattawa da na wakilai suka riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi. Na'ura ɗaya, rumfa ɗaya, sabis ɗaya. Ana tsakiyar wannan aka ci gaba da tattarawa da hannu, har aka bayyana Bola Tinubu da asubahin 1 ga Maris da ƙuri'a 8,794,726, Atiku Abubakar 6,984,520, Peter Obi 6,101,533, Rabi'u Kwankwaso 1,496,687, alhali dubban rumfuna ba su bayyana a shafin ba.

Sai bayan shekara guda, a rahoton da ta fitar a watan Fabrairu 2024, hukumar ta yi cikakken bayani. Ta ce an tsara rumbun ajiyar bayanan shafin ne yadda kowane zaɓe ke rataye da wata jiha, shi kuwa na shugaban ƙasa ba na jiha ba ne, ƙasa duka ce mazaɓarsa, sai manhajar ta rasa gidan da za ta ajiye hotunan. Ta ce takardar farko ta hau da ƙarfe 8:55 na dare bayan gyara. Duk wanda ya san harkar manhaja ya san irin wannan kuskuren yana faruwa. Ya kuma san gwaji ɗaya na gaskiya kafin ranar zai bankaɗo shi. Duk zaɓukan da aka gwada shafin a kansu, Edo da Ondo da Anambra da Ekiti da Osun, na cikin jiha ne. An shiga zaɓen mutum miliyan 93 da ɗoriya da ɓangaren da bai taɓa ɗaukar kaya ba, sannan a daren da jama'a ke neman bayani aka bar su da jita-jita. Ko da babu mugun nufi ko ɗaya, shirun nan ya ci amanar da hukumar ta shekara biyu tana tarawa.

Kotuna kuma suka faɗi abin da mutane da yawa ba su so ji ba. Ranar 26 ga Oktoba 2023 Kotun Ƙoli ta ce IReV wurin kallo ne, ba wurin tattara sakamako ba, kuma rashin ɗora hoto ba ya rushe zaɓe, domin dokar 2022 ta bar wa INEC zaɓin hanyar da za ta tura sakamako. Tun kafin nan, a shari'ar Oyetola da Adeleke ta Osun a watan Mayu 2023, ta ce mai iƙirarin aringizo sai ya kawo na'urar BVAS ko bayanin da aka ciro daga cikinta, da rajistar masu zaɓe, da EC8A. Rahoton da aka ciro daga rumbun hukuma bai wadatar ba, domin mai yiwuwa na'urar ba ta gama turawa ba lokacin da aka ciro shi. A taƙaice, hoton allon waya ba ya cin shari'a.

To an yi ba a yi ba ke nan? A'a. A jihar Ribas 'yan jaridar Premium Times da BBC sun zauna suka sauke takardun rumfuna daga shafin ɗaya bayan ɗaya suka haɗa, suka nuna cewa jimillar wasu ƙananan hukumomi ta sha bamban da abin da aka sanar. Ƙungiyar Yiaga Africa ma ta ce alƙaluman Ribas da Imo ba su yi daidai da abin da masu sa idonta suka gani ba. A zaɓen gwamnan Kogi na Nuwamba 2023, hotunan takardun sakamako da aka riga aka cike tun ba a gama zaɓe ba sun bazu a wayoyi daga Ogori/Magongo, har INEC ta dakatar da zaɓe a mazaɓu tara a ranar. A Adamawa, lokacin da kwamishinan zaɓe Hudu Yunusa Ari ya sanar da Aishatu Binani a matsayin wadda ta ci zaɓen gwamna ranar 16 ga Afrilu 2023 ana tsakiyar tattarawa, bidiyon ya karaɗe ƙasa nan take, hukumar ta soke sanarwar a ranar. A 2007 irin wannan sai dai a ji a bakin direbobi bayan kwana uku, ba mai shaida.

Yadda ake amfani da waya a rumfa

Ba a shiga lungun dangwalawa da waya, an hana ne domin masu sayen ƙuri'a da ke neman hoton shaida. Amma ba a hana ka tsayawa cikin lumana ka ga ƙirga ba. Ka zo da caji cike da abin ƙarin caji, domin ƙirga kan kai dare. Idan an manna sakamako, ɗauki hoto uku: ɗaya na takardar gaba ɗaya da kusurwoyinta huɗu, ɗaya na samanta inda lambar rumfa take, wato lambar jiha da ta ƙaramar hukuma da ta mazaɓa da ta rumfa a jere, ɗaya na alƙaluman jam'iyyu kusa kusa yadda kalmomin za su karantu. In shugaban rumfa yana karanta sakamako, ɗauki bidiyo ba yankewa. Kada ka goge na asali daga wayar, kuma in za ka tura ta WhatsApp tura shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoto ta share lokacin da aka ɗauka.

Daga nan sai ka buɗe IReV, ka zaɓi zaɓen, jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfa, ka gwada da naka. Ka duba ko an kankare lamba, ko an maƙala 1 a gaban 45 ta koma 145 alhali kalmomin suna cewa arba'in da biyar, ko sa hannun ejan-ejan duka ya yi kama da rubutun mutum ɗaya.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Shafin hotuna yake nunawa, ba ya haɗa lissafi. Daga rumfa takarda tana zuwa mazaɓa a kwafe ta cikin EC8B, daga nan ƙaramar hukuma a EC8C, sai jiha a EC8D. Mazaɓu 8,809 ne a ƙasar, ƙananan hukumomi 774, kuma a kowane mataki mutum ne da biro, galibi tsakar dare a ajin firamare. Rumfa ɗaya ba ta nuna komai. Abin da ke da amfani shi ne mutum goma ko ashirin na mazaɓa ɗaya su raba rumfuna tsakaninsu tun kafin ranar, su tura hotuna wuri ɗaya, mutum ɗaya mai natsuwa ya haɗa jimilla a takarda ya miƙa wa ejan da ke zauren tattarawa kafin a rufe EC8B. Sashe na 64 na dokar 2022 ya ɗora wa jami'in tattarawa nauyin gwada abin da ke hannunsa da abin da aka turo daga rumfa, in an yi gardama ya koma ga takardar asali da na'urar. A wannan zauren gyara aikin minti goma ne. Da zarar an sanar, sai kotu, ita kuwa kwana 21 kacal take ba mai ƙara ya shigar, da takardun da hukuma ta buga wa hatimin tabbatarwa. Sashe na 74 na dokar 2022 ya ba kwamishinan zaɓe har kwana 14 ya bayar da su, don haka wanda bai rubuta takardar nema washegarin sanarwa ba yana iya makara. Bidiyo da hotunan waya kuma sai an haɗa su da takardar shaida da sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanada, wadda ke bayyana na'urar da aka ɗauka da ita.

Ina roƙon masu tura saƙo su ji tsoron Allah a kan abu ɗaya. Takardar da ba ta da lambar rumfa, ko wadda ba ka san wanda ya ɗauka ba, kada ka tura. A daren zaɓe ana sakin takardun bogi da gangan domin magoya baya su fara murna, in sakamakon gaskiya ya fito su ce an sace, kuma mun san abin da irin wannan fushin ya jawo a Arewa bayan zaɓen 2011.

Saura magana ɗaya da ta fi shafar yankinmu. Duk wannan tsarin a kan sabis ya dogara, makunnin sabis kuwa a hannun gwamnati yake. A watan Satumba 2021 an kashe layukan waya a Zamfara baki ɗaya da sunan yaƙi da 'yan bindiga, abin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A shekarar ne aka rufe Twitter daga watan Yuni har zuwa Janairu 2022, matakin da kotun ECOWAS ta ce ya saɓa doka. Maƙwabtanmu a Nijar sun ga an katse intanet ta waya na kusan kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen Fabrairu 2021. Ƙauyukan da ba su da turken sabis, ko waɗanda aka lalata nasu, su ne dai wuraren da ɗan jarida da mai sa ido ba sa zuwa, wato inda aka fi buƙatar hoton nan shi ne inda ya fi jinkirin hawa. Ejan da ke irin wannan rumfar kada ya yarda da "za mu tura in mun isa gari" ya juya ya tafi gida. Ya tsaya a ɗauki hoton a gabansa a cikin rumfar, ya karɓi kwafinsa mai sa hannu, sannan ya bi motar da ta ɗauki na'ura da takarda har zauren tattarawa na mazaɓa.